Tambayar da Hajiya Luba ta yi mini

Ina tsaka da bayani a allo Hajiya Luba ta ɗaga hannu. Ma'aikaciya ce daga Argungu, ta girme ni, tana ajin kwamfutar da nake koyarwa a Birnin Kebbi lokacin jiharmu na sabuwa.

Bayanin da nake yi shi ne kwamfuta na raba ma'adanar bayananta shafi-shafi, kuma babban shafi ya fi sauri.

Ta ce, "Malam, in rabin shafin ana aje kwafinshi kusa don sauri, rabin kuma ba a so a aje nashi, mi za a yi?"

Ban sani ba. Sai na ce, "Hajiya, fara iya buga wasiƙa tukuna." Aji ya kwashe da dariya. Ba ta ƙara tambaya ba.

Daga baya na karanta amsar: dole a rarraba shafin zuwa ƙanana. Tambayar ƙwararru ta yi.

Har ta rasu ban ba ta haƙuri ba. Malamai, kun taɓa rufe rashin saninku da wulaƙanta ɗalibi?