Alharinin Alƙasum Wanzami

Duk wanda ya taɓa zama kujerar Alƙasum, a rumfarsa da ke bayan kasuwar dabbobi ta Tawa, ya san ba a yi masa gardama in reza na hannunsa. Ya kuma san ba a fi shi sanin gashi. Wannan na biyun shi ya faɗa da bakinsa, ya yi ta faɗa shekara talatin har mutane suka gaji suka yarda.

Ɗan wanzamai ne daga Bambeye. Mahaifinsa da zabira ya yi yawon ƙauyuka, yana aski yana ƙaho. Alƙasum ya gaji askar amma bai gaji yawon ba. Ya shigo birni ya kafa rumfa, ya rataya madubi, ya sayi kujera mai juyawa wadda tun zuwanta ba ta taɓa juyawa ba. In yana shara, sai ya tsinci gashi a ƙasa ya murza tsakanin yatsu, ya ce wannan na Buzun Abalak ne, wannan na ma'aikacin da aka turo daga Doso. Ba wanda ya taɓa bin sawu ya tabbatar.

Amma ainihin jarinsa tsabta ce. Ranar Juma'a tun hantsi bencinsa yake cika da malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa ya tashi daga kujerar sai masallaci. A gari ana cewa daga hannun Alƙasum sai sahun gaba. Da wannan suna ya ci da iyalinsa, ya aurar da 'ya'ya, ya kai Safiya, autarsa, har ta zama jami'ar kiwo a Tebaram.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai: buroshin da yake tada kumfa da shi. Na roba ne, ba ya riƙe ruwa, kumfarsa kafin a kai ga kunci na biyu ta bushe. Sai ga Ɗangana, wani ɗan ci-rani, ya dawo daga Abijan da jakar tarkace, ciki har da buroshin aski guda uku. Alƙasum ya jera su kan benci, ya naɗe hannun riga, ya shafa kowanne a cikin tsintsiyar hannunsa.

"Wanga wutsiyar mussa ta, ba ta da ƙashi," in ji shi, yana nufin kyanwa, ya ture na farko. Na biyu ya ce roba ce aka yi wa rini. Na uku mai mariƙin itace ne, gashinsa fari-fari, tsaye ƙyam. Ya murza, ya shinshina, ya lumshe ido.

"Gezar doki ta. Dokin Turai, mai cin alkama."

Mushe Souleyman na zaune a benci, kamar kullum. Mushe ɗin malam ke nan a bakin 'yan Faransanci. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya aje aiki, wanda rabin ma'aikatan Tawa sun sha bulalarsa a kan Faransanci. Ya karɓi kwalin buroshin, ya nesanta shi da idonsa, don tabarau yana gida kuma ba ya son a san yana da shi. Manyan baƙaƙen kawai ya iya gani.

"Kai Wanzam, tsaya ga askarka. An rubuta *soies naturelles*. Suwa, alharini ke nan."

"Alharini da ƙarhi haka, Mushe?"

"Ɗanye na, ba a sarrahwa shi ba."

Kowa ya kafe a kan tasa. Alƙasum dai ya ɗauki buroshin ya tafi da shi gida.

Ranar farko da ya jiƙa shi a ruwan ɗumi, wani wari ya tashi wanda ya kori matarsa daga tsakar gida. Shi ya ce warin doki ne bayan ruwan sama, wanda bai san dabba ba ne zai yi ƙorafi. Ya wanke shi da sabulu sau uku, ya tada kumfa a tafin hannu ya ɗauraye, ya rataye shi kai ƙasa a inuwa. Bai yarda ya kai shi fuskar kowa ba. Sabon buroshi, in ji shi, kamar sabon sa ne a garma, sai an hora shi, kuma a gonar mai shi ake horon. Saboda haka kullum da safe fuskarsa ce gonar. Mako biyu yana zuwa rumfa da kumatu jawur, kamar ya kwana a kan ƙaya, ana tambaya yana cewa zafin gari ne.

A mako na uku warin ya tafi. A na huɗu ya duba da kyau ya ga bakin kowane gashi ya tsage biyu, wani ma uku. Zuwa kwana arba'in buroshin ya buɗe, tushensa da ƙarfi, bakinsa da laushi, yana shan ruwa yana tada kumfa mai kauri da ba ta faɗuwa. Gaskiya Alƙasum ya so buroshin nan, so irin na abin da mutum ya sha wuya a kansa.

Mutanen gari kuwa bayan Mushe suka bi, don alharini ya fi daɗin faɗa. Kowa ya zauna sai ya ce a sa masa alharinin. Har Malam Alhusaini, dattijon da ke karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa, wanda shi ne farkon zama kujerar kowace Juma'a, in kumfar ta hau gemunsa da za a daidaita sai ya rufe ido ya ce masha Allah. Alƙasum yana murmushi yana cewa a ransa doki ne.

An yi wata biyar haka. Wata Laraba Safiya ta zo hutu daga Tebaram, tana neman allura, ta tarar uwarta a kwalin buroshin take ajiye allurai. Idonta ba irin na Mushe ba ne. Ta karanta manyan baƙaƙe, ta karanta ƙananan da ke ƙasa. Ta je ta ɗauko buroshin inda yake shanya shi, ta dubi bakin gashin da ya tsage, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wa ya ce maka alharini na?"

"Mushe. Ni na ce mashi doki na."

"Baba, kalmar nan ma'ana biyu gare ta. Duba ƙasa, *soies de porc*. Gashin alade na. Tsagewar nan ma, a lakwal da ita anka koya muna gane shi."

Alƙasum ya zauna a kan turmi. A duk dabbobin da Allah ya halitta, wannan ce kaɗai ba ta taɓa shigowa kasuwar Tawa ba, balle yatsunsa su san ta. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya lissafa Juma'a ashirin da ya shafe fuskokin Musulmi da abin nan ya tura su sahun gaba. Ya tuna kwana arba'in da ya yi yana goga shi a tasa fuskar kafin ya fita. Ya kuma san garinsu: in maganar ta fita, ba za a sake cewa Alƙasum Wanzami ba, sai Alƙasum mai alade, kuma jikokinsa ma da sunan za a neme su.

Ranar Alhamis bai buɗe rumfa ba. Ya yi tunanin jefa buroshin a masai ya ce ɓera ya ja. Amma sallolin mutane suka tsaya masa a wuya.

Ranar Juma'a Malam Alhusaini ya zo da wuri, benci ba kowa. Alƙasum ya ɗaura masa ƙyalle, ya tsuguna maimakon ya ɗauki sabulu, ya faɗi komai.

"Allah shi gahwarta Malam, sallolin ga da anka yi, sai an rama su?"

Malam ya shafa gemu. Can ya ce, "Yanke gashin anka yi, ko hige shi anka yi?"

Alƙasum bai taɓa zaton tambayar za ta faɗo cikin sana'arsa ba. Ya zaro gashi ɗaya daga buroshin, ya kai bakin ƙofa wurin haske, ya duba gindinsa.

"Yanka na, Malam. Kuma wanda ya yanka ya iya."

"To, alhamdu lillahi. Ga littattahanmu na Malikiyya, gashi in an yanke shi mai tsarki na, ko da na alade na. Haka malamanmu sunka karantar da mu. Ba wanda za ya rama salla. Kai ma ba ka yi laihi ba."

Alƙasum ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Har ƙwalla ta zo masa. Ya yi godiya, ya sake godiya.

"Amma ka riƙe bakinka," in ji Malam. "Ni na karanta. Mutanen Tawa ba su dut sunka karanta ba. Sun ji sunan dabbar ga, ba su tsayawa jin littahi."

"Na ji, Malam. Ba mai ji."

Ya miƙe da ƙarfinsa, ya tsoma buroshin a ruwan ɗumi, ya juya shi a kwanon sabulu. Bai taɓa tada kumfa mai kyan ta ranar ba. Ya ɗago hannu zai kai kuncin Malam, sai ya ji an riƙe masa tsintsiyar hannu, riƙo mai ƙarfi da bai zaci dattijon na da shi ba.

"Wanzam," in ji Malam Alhusaini a hankali, idonsa na kan buroshin, "sa mini da hannu. Ni ma mutumin Tawa na."