Duwatsun da Baba ya hauro da su daga rijiya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna mai haƙar rijiya. Tsofaffin ƙauyukan Sandamu da Baure har yanzu suna tuna shi: ɗan siririn mutum da dagi a kafaɗa, ƙafafunsa kullum ja-ja-wur da ƙasa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, Baba ba ya fitowa daga rami hannu rabbana. In haƙa ta yi nisa, aka wuce marmara aka shiga tsakuwa, wani lokaci yakan ci karo da wani irin dutse mai kama da guntun itace, da ɓawonsa da jijiyoyinsa, amma nauyi kamar ƙarfe. Sai ya jefa shi cikin guga a jawo masa. A bayan rumbunmu yake jera su. Da la'asar ya zauna ya wanke ɗaya, yana jujjuya shi. Abokan aikinsa suna cewa iskokin rami ne suka taɓa shi. Shi kuwa tambayarsa ɗaya ce: wa ya dasa bishiya a ƙarƙashin ƙasa?

Da na samu shiga kwalejin horar da malamai, ya naɗe guda a tsumma ya miƙo mini. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana. "Uwata, ki kai wa malamanku. In hauka nake, su faɗa mini in huta."

Na karɓa, amma kunya ta hana ni. Ina zan shiga ofishin malami da dutsen ƙauye? Zango biyu yana ƙasan akwatina. Duk hutu in ce masa malamin ya yi tafiya, ya ce babu komai. Sai da aka aiko cewa tari ya kwantar da shi na ɗauki dutsen a guje na kai wa malamin. Malamin ya sa gilashi ya duba, ya miƙe tsaye. Ya ce itace ne na gaske, wanda yashi ya binne tun kafin a yi mutane, ma'adinai suka maye gurbinsa sannu a hankali har ya zama dutse. Ya ce a zamanin, manyan koguna ne ke ratsa wannan ƙasa, kuma can arewa da mu, cikin hamadar Nijar, masu bincike suna tono ƙasusuwan dabbobin da suka rayu a lokacin, wasu sun fi giwa girma nesa ba kusa ba.

Da na koma gida na tarar da Baba kan tabarma a inuwar ɗaki, na shiga ba shi labari. Ya rufe ido yana saurare, kamar mai jin ƙarar ruwa daga nesa. Da na kai inda masana ke cewa tsuntsaye daga zuriyar wasu dabbobin nan suka fito, ya buɗe ido ya dubi kajin da ke tsattsaga a tsakar gida.

"Har waɗannan?"

"Haka suka ce, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Allah Mai iko. Ashe manya nake kora daga kan hatsi." Bai ƙara wata biyu ba a duniya. Ban taɓa gaya masa malamin bai je ko'ina ba.

Yau ina koyar da ilimin halittu a Daura. A wayata akwai hotunan dabbobin nan an zana su da tsoka da fata, suna ratsa dausayi. Nakan yi tunanin Baba da wayar a tafin hannunsa. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambayi wanda ya ga launinsu da idonsa. Rijiyar burtsatse kuwa, na san zai yaba saurinta, amma ba zai ji daɗi ba in ya ga injin yana niƙe duk abin da ya tarar ya fito da shi taɓo. Yanzu ba mai sauka ya gani.

Yawancin rijiyoyinsa sun ƙafe, wasu an cike su. Bai bar littafi ba, ko sunansa da boko bai iya rubutawa ba. Na ɗauka tambayarsa a wurina kaɗai ta rage, sai bara da ake sake ginin gidanmu. Magini ya ga tarin duwatsun, ya ce a zuba su cikin harsashi. Innarmu, wadda ta shekara talatin tana ƙorafin suna tara mata kunamu, ta jawo sandarta, ta je ta zauna a kansu.

"Ku nemi wasu," in ji ta. "Malam bai gama duba waɗannan ba."

Allah Ya haskaka makwancinka, Baba.