Doyar Godiya a Kafaɗa

Mahaifiyata 'yar Gbagyi ce, kuma kamar sauran matanmu, ba ta ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa. Ranar godiyar kaka takan zaɓi doyar da ta fi girma a gonarmu ta bayan Karmo, ta saɓa ta, ta taka har gaban coci tana waƙa. Addu'arta ba ta da tsawo: "Uba, ga abin da ka yi a ƙarƙashin ƙasa, ban gani ba sai yau."

Mama ta rasu, gonar ta zama gidajen bene. Ni kuma ina Kubwa, kullum sammakon bas zuwa ofis. Cocinmu babba ne, kuma fasto yana yawan tambayarmu ko muna girma cikin Ubangiji. Tambayar nan tana cina. Na yi azumi, na bi darussan Littafi Mai Tsarki, kullum ina auna kaina, ban ga abin da ya ƙaru ba.

Mama ba ta taɓa tone doya don ta duba ko tana girma ba. Takan kafa mata sanda, ta cire ciyawa, ta koma gida hankali kwance. Wannan kwanciyar hankalin nake kewa.

Bana a kasuwa na sayi doyar godiyata. A ƙofar coci na zare ta daga leda na saɓa a kafaɗa, mutane suna bina da kallo. Da na isa gaba na buɗe baki, addu'arta ce kawai ta fito.