Kwanon Sulhu

Ba zan ce ni na ƙirƙiro kwanon sulhu ba, amma dai daga bakina maganar ta fito. Ina sabon malami a wata makarantar Katolika a Malali, an ɗauke ni gwaji na zango ɗaya. Sista, shugabar makarantar, ta ɗora mini ladabtar da ɗalibai, ta hana bulala, ta ce in faɗa bai ragu ba kafin hutu, in nemi wani wurin. Na riga na sha yawo da takardar digiri ofis-ofis a Doka, can tsakiyar gari, ban shirya komawa ba.

A taron malamai na ce kakata in yara sun yi faɗa kwano ɗaya take zuba musu, su ci tare. Na ƙara da cewa wataƙila ba zai yi a nan ba. Sista ba ta ji wannan ƙarin ba. Ta ce ai Almasihu ma a kan abinci ya tara almajiransa, ta sa mai dafa wa sistoci abinci ta riƙa aiko da kwano.

Abin da ban yi la'akari da shi ba, girkin matar nan. Shinkafa da wake, mai da yaji, wani lokaci har da kifi.

Faɗa ya ƙaru. Ba na son zargin 'ya'yan mutane, amma na lura ba a dambe sai gab da hutun tara, lokacin da kwano ke zuwa, kuma ba wanda ke kumbura. Wata rana ina wucewa bayan aji na ji ɗan wani direba Bakatsine yana ce wa ɗan katikis, wato ɗan malamin addinin coci:

"Kai, yau kai za ka fara zagina. Jiya ni na fara."

"In zagi wa? Babanka?"

"A'a, bar tsoho, bai ci ba. Ka ce kaina kamar goruba."

"Ai wannan ba zagi ba ne, gaskiya ce."

Suka kama kokawa a hankali, kowa na kare rigarsa. Da suka gan ni, ɗan katikis ya ce, "Malam, mun yi faɗa fa. Yau akwai kifi?"

Na kwana biyu ina juya maganar. In na faɗa, dabarata ta tashi a banza. In na yi shiru, faɗa na ƙaruwa a idon Sista. A ƙarshe na je ofishinta, na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa mai yiwuwa, ban dai tabbatar ba. Ta katse ni.

"Malam, ka ɗauka ban san yawan kwanukan da ke fita daga kicin ɗina ba? Jira nake in ga ko kana da ido."

Ta ce kwano yana nan, amma daga gobe garin rogo ne, ba sukari, ba ƙuli, kuma ni zan sanar a layin safe. Na sanar.

Faɗa ya mutu murus. Ranar hutu Fada, limamin cocin, ya yaba mini a gaban iyaye, ya kira ni mai shuka salama, Sista ta ce in dawo zango mai zuwa. Haɗin kan ɗalibai kuwa ya samu, ba zan musa ba. Musulminsu da Kiristansu, daga ƙaramin aji har babba, suka daina gaishe ni.