Ba a Sayen Ƙarfe Ranar da Aka Gan Shi

Da ƙarfe goma sha ɗaya daidai na safe, ranar kasuwar Jega, a farkon daminar da ta biyo bayan ba mu jihar Kebbi, mu huɗu ne a rumfar Bawa dillali. Akwai ni, ina aji huɗu na firamare. Akwai mahaifina, Malam Sani. Akwai shi Bawa. Sai wani Bafulatani mai malfa da ya dogara da sandarsa. Na riƙe lokacin ne domin rediyon mai shayi ya faɗe shi daidai sa'ar da Bawa ya yaye buhun da ya rufe hajarsa. Tsofaffin bindigogin maharba ne, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, an jera su a kan tabarma kamar rake. Idon Baba ya tsaya a kan guda ɗaya mai dogon baki, wadda aka naɗe ƙotarta da fatar damo, aka sa mata zoben tagulla a wuya.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi abin da ya kai mu. Gonarmu ita ce ta ƙarshe a gabas da Sarandosa, daga ita sai daji, kuma dajin nan cike yake da birai. Da masara ta fara goyo sai su sauko garke guda, su karya wadda za su ci, su karya wadda ba za su ci ba. Yayana ne ke tsaronta a da, amma ya bi motocin albasa zuwa kudu bai dawo ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarami, gidan ya rage daga ni sai Baba sai Gwaggo, yayarsa, wadda ido ya fara yi mata nauyi. Biri kuwa, idan ya ji ƙarar bindiga ya shaƙi warin albarushi, yakan ƙaurace wa gona kwana da kwanaki. Harbi ɗaya a sama da safe ya wadatar. Idan babu bindiga, dole a ajiye mutum a wurin daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Baba ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba: in an sami bindiga ina nan a makaranta, in ba a samu ba ni ne mutumin.

Baba ba ya sayen abu da garaje, kuma yana da tsarin da ba ya tsallake ko ɗaya daga cikinsa. Da farko ya ɗaga bindigar ya leƙa cikin bakinta ta fuskar rana. Sannan ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ƙusa daga sama har ƙasa, yana kasa kunne ko zai ji muryar tsaga. Daga nan ya gwada kunamarta, ya shinshina, ya auna nauyinta a kafaɗa. Sai bayan duk wannan ya taya. Bawa ya ce albarka, Baba ya ƙara, Bawa ya sake cewa albarka, har suka kai jaka biyu, wato naira ɗari huɗu, Bawa ya ce ya sallama. Na san jaka biyun nan suna cikin aljihun Baba, domin a gabana ya sayar da ragonmu da safen. Zuciyata ta yi fari. Sai na ga ya mayar da bindigar kan tabarma, ya ce sai kasuwa mai zuwa.

Bawa ya dube shi ya ce, "Malam Sani, kuɗɗin yanzu ƙahwa gare su. In kai ka kwana, su ba su kwana."

Baba ya ce, "Ba a sayen ƙarhe ran da anka gane shi."

Ba taurin kai ne kawai ba. Kakana ya taɓa sayen bindiga da rana tsaka cikin ɗoki, ashe tana da tsaga, harbin farko ta fashe ta tafi da yatsunsa biyu. Tun daga nan ya zama doka a gidanmu cewa ƙarfe sai an kwana da shawararsa. Dokar ta yi wa mutanen zamanin da amfani, lokacin da farashin bara shi ne na bana. Mu kuwa ta riske mu a shekarun da gishiri ma yake canza kuɗi tsakanin kasuwa da kasuwa. Da Baba ya koma Jega, Bafulatanin nan ya riga ya ɗauke ta tun ranar, sauran kuma da ba su kai ta kyau ba sun haura jaka uku.

Haka na bar aji. Baba ya kafa mini rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, ya ba ni majajjawa da tsohuwar garwa da sanda. Da sassafe nakan share ƙofar gida, in ɗebo wa Gwaggo ruwa, in ɗaure awaki, in karɓi furata a 'yar buta, in kama hanya raɓa tana jiƙa mini ƙafa. A kan rumfar babu kowa sai ni da kukan kurciya. Idan na ga rassa suna motsi a bakin daji sai in buga garwa in yi ihu, babban birin ya tsaya a kan kututture yana kallona kamar ya san ba ni da komai sai hayaniya. Na tona gurabun dara a ƙasa ina yi ni kaɗai, in taka wa wannan gefe, in zagaya in taka wa wancan, kuma ban taɓa yi wa ɗayansu coge ba. Nakan rubuta jadawalin lissafi da tsinke don kada in manta, tururuwa su bi ta kai su ɓata. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne idan iska ta taso daga yamma, takan kawo mini ƙarar ƙarfen motar da ake bugawa a makaranta. Ina jin ta na san an fita tara, na san an fara langa a gindin darbejiya, na san wane ne zai riƙe ƙafa ya faɗi.

Da aka yi girbi na zaci zan koma, amma kuɗin bindiga sai an ƙara, ƙarin kuma sai daga albasa, albasa kuma tana son mai ban ruwa. Na yi rani a fadama ina jan ruwa ina bin kwami-kwamin albasa ina shayar da su. Da muka kai ta Aliero ta yi kuɗi fiye da bara, har Baba ya saya mini tsire, abin da bai saba ba. Sai dai taki ya ci nasa, mota ta ci nata, bindiga kuma ta yi gaba ta bar mu. A bayan rumfunan maƙera muka bi dillalai ɗaya bayan ɗaya muna neman mai sauƙi: wannan an yi mata faci, waccan bakinta ya karkace, mai kyau kuwa ba ta tayuwa. Wani dillali da ya ga mun gaji ya ja Baba gefe, ya kwance tsumma ya nuna masa wata 'yar ƙarama mai ɗan tulu a tsakiya da ke juyawa, ya ce ta wani tsohon soja ce, zai bayar da araha domin ba ya son ta kwana a hannunsa. Baba ko taɓa ta bai yi ba. Ya ce, "Wagga ba ta biri ba ta, ta mutum ta. Ni ko ban da abokin gaba sai biri." Ya kama hannuna muka fita.

Damina ta sake zagayowa, na sake hawa rumfa. Abokaina suka wuce aji biyar suka shiga shida, suka daina tambayata yaushe zan dawo. A rani na biyu muka je kasuwar Maiyama da duk abin da Baba ya tara, har da kuɗin kekensa. Muna shiga layin maharba na hango fatar damo da zoben tagulla. Ita ce, ta bi hannu uku ta dawo kusa da gida. Baba bai leƙa bakinta ba, bai ƙwanƙwasa ba, bai ce sai ya kwana ba. A karo na farko a rayuwarsa ya karya dokar ubansa. Ya kwance bakin aljihu ya taya da jaka shida, ya gaya wa mai ita gaskiya cewa ba shi da ko sisi bayan wannan. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Albarka, Malam." A ranar na san kalmar nan mai daɗi tana iya zama ƙofar da aka rufe.

Da ƙafa muka koma gida, yana gaba ina baya. Sai da muka hango rufin ɗakunan Sarandosa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce, "Gobe ka wanke rigarka ta makaranta."

Na ce, "Baba, to gona fa?"

Ya ce, "Ban tambaye ka ba."

Aka mayar da ni aji huɗu tare da ƙannen abokaina, gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin benci. Da masara ta yi goyo, Baba ya rage noman da yake yi a sauran gonaki, ya hau rumfar da kansa, dattijo mai furfura da majajjawar yaro. Wata rana muna cikin darasi iska ta juya ta taso daga gabas, sai na ji ƙarar garwa can nesa, ana bugawa a hankali, a tsaya, a sake bugawa. Babu wanda ya ɗaga kai a ajin sai ni. Na san ko wane ne, na kuma san yadda wurin yake idan ƙarar ta tsaya.

Na gama aji shida da gemu ya fara tsiro mini, ban wuce nan ba, amma da shi nake karatu da rubutu har yau. Baba ya rasu bai mallaki bindiga ba. Yanzu dajin ya zama gonaki, biran sun tafi ba tare da an yi harbi ko ɗaya ba, kuma ba wanda zai shimfiɗa bindigogi a tabarma a tsakiyar kasuwa, domin sunanta kaɗai ya isa ya tayar wa gari hankali. A lokacinmu kayan noma ce, kamar garma. Nakan bi ta inda rumfar take in tsaya, ba na jin komai sai injin ban ruwa.

Ina roƙon mai karatu abu biyu, kuma a jere. Na farko, ka sa Malam Sani a cikin addu'arka. Na biyu, idan akwai yaron da yake zaune a wani wuri yana jiran ka gama shawara, kada ka kwana da ita, ka je ka sauko da shi yau.