Baba Ya Tafi da Taiki

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Funtuwa kafin in biyo 'yata zuwa Greensboro a Amurka. A nan aikin da ya samu shi ne jinyar tsofaffi a gidajensu. Ban raina ba, amma hali zanen dutse ne. Ko takardar magani aka miƙo mini sai idona ya tafi neman inda aka ci harafi, hannuna yana ƙaiƙayin jan biro.

An tura ni unguwar Pleasant Garden wurin wani dattijo Bature. Matarsa ta rasu, ƙafafu sun ƙi, amma kai garau. Malami ne da ya yi ritaya, Latin ya koyar, harshen mutanen Rum na da can wanda yau babu mai shan sa a nono. Unguwar shiru take, gida nan gida can, ba mai wucewa da ƙafa balle ka ji sallama. Ni da na tashi cikin hayaniya sai in rasa inda zan sa kaina. In goge teburin da na riga na goge, in leƙa taga, in dawo, in sake leƙawa ko Allah zai kawo ko da mai kawo wasiƙa ne.

Wurin wannan goge-gogen na ci karo da wani littafi. Ɗan ƙarami ne mai kauri, bangonsa fata ce da ta yi tauri ta koma ruwan ƙasa, ƙwari sun yi masa ƙananan huji. Na same shi a ƙasa kusa da kujera, da kofin shayi a kansa. Na ɗauke kofin, na ɗaga littafin da hannu biyu, na share shi da gefen mayafina na ɗora can saman kanta. A gidanmu ba a barin tsohon littafi a ƙasa, ko ba ka san abin da ke ciki ba.

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba littafin addini ba ne. Faɗa ne kawai a ciki."

Na ce, "Malam, faɗan me?"

Ya sa na sauko da shi. Ya ce wani masanin nahawu ya rubuta ƙa'idojin Latin tun zamanin Rum. Ba injin ɗab'i a lokacin, sai dai wani ya kwafa da hannu, wani ya kwafa daga na wancan, haka har ƙarni bayan ƙarni. Daga baya wani malami a Turai ya bi gari gari yana tattara kwafe-kwafen, ya jera su, ya tarar ba biyu da suka zo ɗaya. Shi ne ya zauna yana tsefe su kalma kalma don ya gano abin da mai littafin ya faɗa tun farko. Wannan aikin nasa ne aka buga, yau ɗaruruwan shekaru. Dattijon ya riƙa bin layi da yatsa yana fassara mini. Ashe mutumin ba ya da haƙuri ko kaɗan. Wannan makwafi ya kira shi mai barci, wancan ya ce gara a ba jaki alƙalami. Nan take na ji ya kwanta mini a rai. Na ce wannan ɗan'uwana ne, da a makarantarmu yake da mun raba jan biro.

Daga ranar kullum bayan ya ci abinci sai mu buɗe shafi ɗaya. Ban iya Latin ba kuma ban koya ba, faɗan nake bi. Wata rana ya nuna mini wurin da kwafe da yawa suka kawo wata sananniyar kalma, ɗaya tak ya kawo baƙuwa, kuma malamin ya bi bayan ɗayan. Na ce ai wannan son kai ne, ina aka taɓa barin jama'a a bi mutum guda?

Ya ce, "Hannun mai kwafa zamewa yake zuwa ga abin da ya saba. Ba wanda zai ga kalma mai sauƙi ya mayar da ita mai wuya. Amma mai wuyar, kowa so yake ya gyara ta. In kin ga biyu, ki tuhumi mai sauƙin."

Ba Latin ɗin ne ya kama ni ba. Jikata na tuna.

Akwai waƙar rarrashi da Inna, mahaifiyata, ta yi mana, ita ma ta ce a bakin kakarta ta ji. Gajeriya ce: yi shiru, yi shiru, baba ya tafi da taiki, in ya dawo mu sha fura. Taiki shi ne babban buhun fata da ake zuba hatsi a ɗora wa jaki ko takarkari. Na gan shi da idona, a rataye a zauren kakanmu, yana warin jima. Na yi wa 'yata waƙar tana goye, ga shi ta haifi tata. Da safen ranar ma na ji tana jijjiga jaririyar a kicin tana cewa baba ya tafi aiki. Na ji, na wuce, don ina sauri.

Ranar ban san yadda na gama aikin ba. Na ba shi magani, na auna jini, na rubuta abin da ake rubutawa, amma zuciyata tana gida. A kan titin Wendover motoci suka cushe, ina ta buga sitiyari ina rera waƙar, in yi ta da taiki, in yi ta da aiki. Abin haushi, ta aikin ta fi daɗin fita a baki.

Da na isa gida, ko jaka ban ajiye ba na ce wa 'yata, "Ke, taiki ne, ba aiki ba."

Ta ɗago daga wayarta. "Mama, sannu da zuwa tukuna. Mene ne kuma taiki?"

Na yi bayani, har da kwatance da hannu. Ta saurara da irin haƙurin da ake yi wa tsofaffi, wanda ya fi zagi ciwo.

Ta ce, "To Mama, daddynta ai aiki ya tafi. Yana warehouse tun safe. In na ce mata taiki, ba ta san shi ba, ni ma ban san shi ba. Song ne fa kawai."

"Waƙar ba taki ba ce da za ki gyara. Aro aka ba ki."

"Ni haka na ji kina yi."

Na ce ƙarya ne, ta ce wallahi. Muka yi ta yi har jaririyar ta farka. Raina ya ɓaci sosai, kuma ƙarƙashin ɓacin ran tsoro ne. Yarinyar nan za ta tashi tana amsa mini da Turanci kamar sauran yaran da nake gani a wurin suna da biki. Na riga na haƙura da wannan. Abin da na ƙi shi ne kalma guda ta taso tun daga kakar Inna, ta tsallake teku a bakina, ta zo ta mutu a kicin ɗin nan ina tsaye.

Kwanaki na kasa zama. Na kira ƙanwata a Kaduna, ta ce ita ta manta waƙar ma. Na tambayi wata Hajiya 'yar Maraɗi a wurin sayen nama, ta ce su tasu daban ce. Na gaya wa dattijon, ya gyara zama kamar an kawo masa tuwon sallah. Ya ce, "Wane ne kwafi mafi tsufa da kike da shi? Can za ki je."

Inna tana da rai, a ƙauye wajen Bakori, a ɗakin matar yayana. Idonta ya tafi, kunne ma ya yi nauyi. Na bari sai Asabar da hantsi, lokacin su sun yi la'asar. Na zaunar da 'yata a gefena, na buɗe murya don ta ji da kunnenta. Har na shirya fuskar da zan yi mata.

Aka kai wa Inna waya. Muka gaisa, ta tambayi jaririya, ta tambayi sanyi, ta sake tambayar jaririya. Na ce, "Inna, ki yi mana waƙar nan ta rarrashi, 'yar jikarki ta ji."

Ta yi dariya ta ce ita da ba haƙori. Sannan ta fara, muryar siririya tana rawa. Yi shiru, yi shiru, baba ya tafi aiki.

'Yata ba ta kalle ni ba, Allah ya yi mata albarka. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririyar hula.

Na ce, "Inna, ba taiki ba ne? Da taiki kike yi mana."

"Me?"

Na ɗaga murya. "Taiki, Inna. Na zauren Kaka."

Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a bayanta, da wani yana daka.

Ta ce, "Da can ne. Yaran gidan nan ba su san shi ba, in na faɗa dariya suke. Wa ya rage da taiki? Kowa aiki ya tafi." Ta numfasa. "Ke ma ai aiki kika tafi. Yaushe za ki dawo?"