Dardumar da Iya Kulu Ta Wanke a Ɗaki

A gidanmu na unguwar Sabo a Ibadan babu ranar da ba a wanki. Kakata ta wajen uwa, Iya Kulu, sana'arta ke nan tun kafin a haife ni. Tana ba da hayar manyan tukwane da farantai ga masu biki da masu suna, tana kuma karɓar wankin darduma da labule daga gidajen masu hali. Tukwanen nan baƙi ƙirin suke dawowa, ƙanzon shinkafa ya kama gindinsu, manja ya daskare a bakinsu. Iya ba ta yarda tukunya ta kwana da dauɗa. Da an idar da sallar magariba za ta hura murhu a tsakar gida, ta ɗora ruwa da kanwa, mu jikokinta huɗu mu zagaye ta, kowacce da toka da yashi da soson ƙarfe a gabanta.

Aikin yana cin hannu. Kanwa tana tsattsaga fata, soson yana shiga ƙarƙashin farce. Don kada mu sulale mu gudu ne take yi mana tatsuniya. Sai ta ƙwanƙwasa gefen tukunya da ludayi, ta ce ga wata baƙuwa ta taso daga nesa, mu ba ta wurin zama. Mu amsa da cewa ta shigo, gida nata ne. Yawancin labaranta na dabbobi ne da na wawaye, muna dariya har mu manta da raɗaɗin yatsu. Tana cikin labari za ta tsaya ta bugi hannun wadda ta ɗauki wuƙa za ta kankare tukunyar dalma, ta ce a jiƙa ƙanzo a bar shi ya saki da kansa. A haka muka koyi cewa darduma kifewa ake yi a buge ta ta baya, kuma ba a shanya ta a tsakiyar rana don launinta zai koɗe. A haka muka koyi tsoron daminar Ibadan, wadda in ta sa kai sai kaya su yi kwana biyar ba su bushe ba, fumfuna ta hau su.

Ina da shekara goma ko kusa da haka aka kawo wata darduma da yamma, ana yayyafi. Wani ɗan dako ne ya turo ta a baro, an nannaɗe ta an ɗaure da igiya har wuri uku. Ya ce saƙon da aka ba shi shi ne Iya ta wanke da hannunta, a cikin ɗaki, kada a shanya a waje, kuma za a biya ta da kyau. Bai faɗi gidan ba a gabanmu. Iya ta sa aka shigar da ita ɗakinta, ta kwance igiyar, ta ɗaga gefe ɗaya ta duba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar ta rufe, ta fito ta zauna a bakin murhu.

Ranar ba ta ƙwanƙwasa tukunya ba. Tana goge wani babban faranti kawai muka ji ta fara.

Ta ce a wani gari da ke bakin kogi an yi wata mata mai suna Mairo, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Tani. Mairo wanki take yi, kuma duk garin babu wanda ya kai ta. Tabon da ya gagari kowa, in ya zo hannunta sai ya fita. A garin akwai wani attajiri mai gida da doguwar katanga, yana ɗaukar 'ya'yan talakawa aikin gida. Wata rana aka aiko wa Mairo da darduma daga gidan, tare da buhun gero. Da ta shimfiɗa a bakin kogi ta ga tabo mai faɗin faifai, ya bushe ya yi duhu.

"Duk macen da ta yi wanki ta san jini," in ji Iya. "Kuma ta san na yankan kaza, ta san wanda ba shi ba."

Mairo ta san ba a sa masa ruwan zafi, don zafi kama shi yake yi da zare har abada. Ta jiƙa da ruwan sanyi da gishiri, ta murza da sabulun salo, ta ɗauraye, ta sake, har dardumar ta koma kamar sabuwa. Ta mayar, ta ci geronta ita da 'yarta. Bayan 'yan kwanaki aka ji cewa ɗaya daga cikin 'yan aikin gidan ta koma ƙauyensu. Babu wanda ya ga fitarta.

Shekara ta zagayo, dardumar ta sake zuwa da buhunta, wata yarinyar kuma ta koma ƙauye. Matan gari sukan tambayi Mairo yadda gidan yake, tunda ita kaɗai ke ganin kayansu. Sai ta ce gidan alheri ne, ba ta san su da komai ba sai kyauta. Ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a kasuwa, ta faɗa a gaban 'yarta.

Sai aka yi shekarar yunwa, zazzaɓi kuma ya kwantar da Mairo, ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Tani ta duba rumbu babu komai. Ta tuna gidan da uwarta ke yabo, ta ɗaura zaninta ta tafi neman aiki don ta samo abin da za ta dama wa uwarta. Da Mairo ta farfaɗo maƙwabta suka gaya mata, suna ma yi mata murna. Ta tashi tana dafa bango har ƙofar gidan attajirin. Mai gadi ya ce yarinya tana lafiya, ranar Juma'a za a bar ta ta zo gaisuwa. Mairo ta koma tana jiran Juma'a. Ranar Laraba aka kawo darduma, wannan karon da buhu biyu. Da ta warware, a cikin gezar ta ga wani ɗan dutsen ado ja, irin waɗanda ita da kanta ta jera wa Tani a wuya.

A nan Iya ta ajiye farantin. Itacen murhu ya cinye, babu wadda ta tashi ta ƙara. Yayata Hajara ce ta yi ƙarfin halin tambaya me Mairo ta yi.

"Ta wanke," in ji Iya. "Tana kuka tana wankewa. Hannunta ya riga ya saba."

Hajara ta ce to attajirin fa, ba a kama shi ba? Duk tatsuniyoyin Iya, mugu yana gamuwa da sakamakonsa kafin mu kwanta, shi muke jira. Iya ta ce da me za a kama shi, alhali shaidar duk ta bi kogi, kuma Mairo ce ta tura ta. Daga nan ta ce mu kife tukwane mu je mu yi isha'i. Ba ta sallami baƙuwar ba kamar yadda ta saba.

Ni na kwanta da tabbacin gobe Iya za ta kira ɗan dakon nan ta mayar masa da kayansa. Wanda ya ba da irin wannan labari ai ba zai taɓa dardumar ba. Da safe na tarar ta rufe ƙofar ɗakinta, ina jin ƙarar buroshi. Ta leƙo ta aike ni in sayo gishiri. Da ta fito da bokiti za ta zubar a kwata, na ga launin ruwan. Ta ga na gani, ta zubar ta koma ɗaki. A lokacin mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu tana jinya, bakin mutum shida ne a kan wankin Iya.

Kwana biyar dardumar ta yi a rataye a kan igiya a cikin ɗakin, saboda ruwan sama da kuma sharaɗin masu ita. Mun kwana da warinta. Da ta bushe ɗan dakon ya zo ya ɗauka. Har yau ban san gidan da ta fito ba, ban san wadda abin ya faɗa wa ba. Iya ta yi makonni ba ta yi mana tatsuniya ba, tukwane kawai muke gogewa shiru. Sau ɗaya na tambaye ta, ta ce ni dai in koyi wankin. Ta rasu ina makarantar sakandare.

Ni na gaji sana'ar. Na yi aure a nan Sabo, ta ɓangaren da ke kallon Mokola, na sayi ɗan injin wanke kafet, ana kirana a waya a kawo kaya har gida. Gida biyu tsakaninmu da wata yarinya mai suna Sadiya, mai fara'a, tana yin alewar madara tana aikowa da ita ga yarana. Mijinta yana lodin motoci a tashar Ojoo, mutum ne mai gaisuwa, ba ya wuce dattijo a tsaye.

Wata safiya shi da kansa ya kawo mini kafet ɗin falonsu. Ya ce haɓo ne ya kama Sadiya, in taimaka in fitar da tabon kafin ya kama. Na shimfiɗa bayan ya tafi. Haɓo ba ya zuba haka, kuma ba ya zuwa da tsumman gashin kai. Na tsaya a tsakar gida da bokiti a hannu, labarin Mairo yana kaina tun daga farkonsa har ƙarshe. Na gaya wa maigidana, ya ce kada in shiga tsakanin mata da miji, ban ga komai da idona ba, tabo kawai na gani. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. Na wanke kafet ɗin, ya fita tas. Bayan mako guda na haɗu da Sadiya a bakin famfo, ta jawo hijabi ta rufe gefen fuska. Na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, na wuce.

Wata huɗu bayan nan mijin nata ya sake kawowa. Wannan karon har da labule da rigar kujera, kuma bai ma tsaya ba da dalili ba. Ban jiƙa su ba. Na naɗe su yadda suke, na tari tasi har kasuwar Akinyele inda yayan Sadiya ke sayar da doya. Na same shi a rumfarsa, na shimfiɗa kafet ɗin a ƙasa a gabansa, na gaya masa daga inda ya fito. Ya duba, ya cire hularsa ya mayar, ya kira wani ya tsare masa rumfa. Kafin la'asar sun fito da ita daga gidan sun kai ta asibiti. Cikin wata uku da take da shi ya zube, kunnenta na hagu kuma bai sake ji ba. Auren ya mutu a hannun manya, mijin ya bar unguwar.

Ni ma na sha nawa. Magana ta zaga cewa Rabi mai wanki tana tona asirin gidajen mutane, wanda ya ba ta kaya ya ba ta sirrinsa. Gidaje da yawa suka daina aiko mini, har da waɗanda suka san Iya. Maigidana ya yi kwanaki ba ya cin abincina. Duk da haka a raina ina ganin na yi abin kirki, har nakan ce na fi Iya.

Bayan shekara guda na kai tukwane wani gidan suna a Akinyele, na tarar da Sadiya a can tana taya aiki. Ta rame, amma ta yi dariya da ta gan ni. Muka zauna a bayan gida inda ake wanke-wanke, ta juyo mini da kunnen dama. Ta yi godiya, ta ce ba don ni ba da gawarta za a fitar. Sannan ta sunkuyar da kai tana juya soso a hannu.

"Yaya Rabi, na farkon fa? Kin gane?"

Na so in ce haɓo aka gaya mini. Na ce, "Na gane."

"Na san kin gane," ta ce. "Da ya naɗe zai kai miki, daɗi na ji. Na ce yau wani zai gani. Kwana bakwai ina sauraren sallamarki a ƙofa."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ci gaba da wanke farantinta, ni kuma na ɗauki wani na taya ta.

Na daɗe ina riƙe da Iya a raina, ina mamakin yadda mutum zai ba da labarin Mairo da yamma ya tashi da safe ya aikata aikin Mairo. Yanzu na daina. Ina ganin ba ta da wanda za ta gaya wa abin da ta gani sai yara huɗu a bakin murhu, ta kuma gaya mana ta hanyar da ta iya, ko a cikinmu a sami wadda za ta fi ta ƙarfin zuciya. Ni na ji labarin ina ƙarama, na riƙe shi kalma da kalma, kuma da ranar ta zo sai da na wanke sau ɗaya. Watanni huɗun da ke tsakani, Sadiya ce ta biya su.

Har yanzu ina wanki. In kaya suka zo da irin wannan tabo, ba na bari rana ta faɗi. Ina yafa mayafina in je gidan in yi sallama, in ce ina son ganin matar gida da idona. Sau biyu na je na tarar ba komai ba ne, ɗaya yaro ne ya faɗo daga kan kujera ya fasa leɓe, aka zage ni aka karɓe kayan. Na ba da haƙuri na dawo gida. In an sake kawowa, zan sake zuwa.